Kaciya Ta Ɓaci, An Ce Ƙaddara Ce

Da zarar an gama kaka a ƙasar Gumel, an kaɗe riɗi, an ɓare zoɓo an kai wa 'yan awo, hazo kuma ya fara saukowa daga arewa, to lokacin 'yan shayi ya kama. Daga Gagarawa Tasha har Sule Tankarkar da ƙauyukan bakin iyaka na Maigatari, maigida ya ji 'yan kuɗi a aljihu, sai ya tuna da yaran gidansa da suka isa kaciya. A tara nasa da na ƙannensa da na maƙwabta, a kira wanzami ko wani malamin asibiti da aka saba da shi, a yi musu rana guda. Galibinsu sukan warke sumul, su ci kaji su yi kumatu, su fito da sababbin riguna. Amma ba a rasa na gefe, waɗanda ba a ba da labarinsu a majalisa: wanda jini ya ƙi tsaya masa har tafin hannunsa ya yi fari fat, wanda aska ta zarce ta ci kan gabansa, wanda bayan ya warke uwarsa ta lura fitsari na fita masa ta wuri biyu. Na gaji da jin irin waɗannan labarai cikin raɗa. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuwa shi ne maganar da ake toshe bakin kowa da ita: "Ƙaddara ce, a yi haƙuri." Da an faɗe ta, shi ke nan, an binne zance. Mai aska ya naɗe zabirarsa ya wuce gida na gaba, yaro kuma ya tashi da abinsa.

Kaciya dai kowa ya san ta, ba sai na ɓata tawada ba: cire loɓa ce, fatar da ke rufe kan gaban ɗa namiji, kuma tana cikin sunnonin fiɗira. Abin da mutane ba sa son ji shi ne tiyata ce. Duk aikin da za a sa ƙarfe a yanki naman mutum, jini ya zuba, a zauna jiran rauni ya haɗe, tiyata ne, a zaure aka yi shi ko a ƙarƙashin fitilar asibiti. Akwai likitocin da suka ƙare karatunsu kacokan a kan tiyatar yara, akwai kuma waɗanda suka keɓanta da ƙoda da mafitsara da al'aura. A Nijeriya ba su da yawa, mutumin Gagarawa kuwa galibi sai ya dangana da irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kafin ya ga ɗayansu. Wani ɓangare na aikinsu ɗinke ɓarnar da wani ya yi ne cikin minti biyu, wadda su sai sun kwashe sa'o'i, wani lokaci ma tiyata biyu ko uku, kafin su gyara.

To mu zo kan ƙaddarar. Ni Musulmi ne, ban isa in yi jayayya da ita ba. Rigimata da masu fakewa da ita ne su rufe ganganci. Mu nan Malikawa ne, Muwaɗɗa kuma ba baƙon littafi ba ne a zaurukan malamanmu. A sashen diyya na Muwaɗɗa, Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo wannan mas'ala ita da kanta. Ya bayyana cewa abin da aka haɗu a kai a wurinsu shi ne, idan mai magani ya yi kaciya ya yanke kan gaban yaro, akwai diyya, kuma ana lissafa abin cikin kuskure ne, irin wanda dangin mai kuskuren na wajen uba ke haɗa hannu su biya. Ya ƙara da cewa haka hukuncin yake ga duk wani kuskure ko wuce gona da iri da mai magani ya yi ba da niyya ba. Ina tambaya: Imam Malik bai san ƙaddara ba ne? Ko mu ne muka fi mutanen Madina tawakkali? Ba su kira mai kaciyar mugu ba, sun san ɗan Adam ajizi ne. Amma ba su yarda a share abin ba. Sun ce kuskure ne, kuma yaron nan yana da haƙƙi. Ga kuma hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, mai nuna cewa duk wanda ya tsoma kansa cikin aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ya jawo. Yaron kemis da ya ga an yi sau uku, ya sayi almakashi ya fara karɓar kaciya a bayan shago, hadisin nan da shi yake.

Kada kuma wani ya ce bin diddigin kuskure bidi'ar Turawa ce. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen shekarar 1013, ya rubuta kundinsa na likitanci mai suna Attasrif, juzu'i 30, na ƙarshen duk a kan tiyata. A ciki ya ware babi guda don kaciyar yara da gyaran kurakuran da ake yi a cikinta. Ya kalli yadda wanzaman zamaninsa ke aiki, ya lura cewa loɓa ninki biyu ce, aska takan ɗebe na sama ta bar na ƙasa har sai an sake yanka, wata dabarar kuma takan kama kan gaban yaron. Sai ya zaɓi a ɗaure fatar da zare a yanka da almakashi. Shi ne kuma ya ba da labarin wasu mutane da mazansu ke mutuwa da zubar jini a kan ɗan rauni kaɗan. Shekara dubu ke nan da wani Musulmi ya zauna yana tambayar me ya sa wannan ta ɓaci waccan ta yi kyau, mu kuma yau muna jin nauyin yin tambayar.

Mu dawo gida. A 1999 wasu likitocin tiyata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun wallafa abin da suka gani a kan yara 48 da aka kawo musu tsakanin 1981 da 1995 bayan kaciyar gargajiya ta ba da matsala. Daga jaririn kwana uku har ɗan shekara bakwai. Yara 25 zubar jini ce ta kawo su, kuma akasarin waɗannan jarirai ne sababbin haihuwa. Guda 10 rauni ne ya ruɓe. Ɗaya an guntule masa gaba. Sai da aka yi wa 21 tiyata. Waɗannan fa waɗanda suka isa asibiti ne kaɗai, ban da wanda ya ƙare a hanya, ban da wanda aka ɓoye a ɗaka. Amma ga abin da nake so mai karatu ya riƙe: likitocin sun lura yawancin matsalolin sun zo ne tsakanin 1991 da 1995, lokacin da aka fara karɓar kuɗin tiyata, masu kawo yara kaciya asibitin suka ragu. Abin da ke ƙaruwa idan an sa kuɗi, abu ne mai sababi. Abin da ya fi faɗa wa jarirai, ya fi zuwa ta hanya ɗaya, ya bi shekaru yana maimaita kansa, ana iya tare shi. Allah Da Ya ƙaddara, Shi Ya halicci sababin, kuma Shi Ya ba mu hankalin ganewa.

Na san a nan wani ɗan boko zai gyara zama ya ce ai matsalar wanzamai ce. A'a, malam, zauna. A 2006 an wallafa wani bincike daga Ibadan, inda aka duba jarirai maza 370. An yi wa 322 kaciya, 65 daga cikinsu kuma an sami matsala, wato kusan ɗaya cikin biyar: wasu an bar fata da yawa, wasu an ɗebe fiye da kima, wasu fatar ta manne da kan gaba, har da waɗanda aka taɓa kan. Su wa suka yi kaciyar? Fiye da rabi nas-nas ne, sama da kashi ɗaya cikin uku likitoci, masu yin ta a gargajiyance kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Farar riga ba ta koya wa hannu aiki. Akwai dattijon wanzami da ya gaji sana'ar, ya shekara talatin yana yi, idonsa ya fi na sabon ma'aikacin lafiya da ba a taɓa tsayawa a kansa an koya masa ba. Akwai kuma wanzamin da bai kamata a bar shi ya aske ƙeya ba ma. Ta yaya za a bambanta su in kowace ɓarna sunanta ƙaddara?

Ƙasashen da muke ganin sun ci gaba ma sun daɗe cikin irin wannan shiru. Sai a 1999 wani rahoto ya fito a Amurka ya ce mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocinsu saboda kuskuren da za a iya kauce masa. Hankali ya tashi. Daga nan tsare majiyyaci daga cutarwar masu yi masa magani ya zama fage mai zaman kansa, har akwai likitocin da suka ba shi rabin rayuwarsu: rabi a ɗakin tiyata, rabi suna ƙirga inda aka yi tuntuɓe. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarƙashin jagorancin wani likitan tiyata, Atul Gawande, ta fito da takarda guda mai tambayoyi 19 da za a karanta da ƙarfi kafin a sa wa mutum wuƙa da bayan an gama. Wane ne wannan majiyyacin? Wane aiki za a yi masa? Ana fargabar zai zubar da jini da yawa? An tabbatar kayan aiki sun tsarkaka? Aka gwada ta a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto har wani asibitin karkara a Ifakara ta Tanzaniya. Matsalolin bayan tiyata suka sauko daga kashi 11 cikin 100 zuwa kashi 7, mace-mace daga 1.5 zuwa 0.8. Ba a sayi sabuwar na'ura ko ɗaya ba. Tsayawa aka yi aka yi tambaya. Tun 2019 kuma duk ranar 17 ga Satumba ake tunawa da wannan batu a duniya, ta 2025 ma an keɓe ta ne ga jarirai da yara.

Mu ma muna da irin waɗannan mutane. Farfesa Emmanuel Ameh ya shafe shekaru yana tiyatar yara a Zariya kafin ya koma Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, kuma sunan da ya yi a duniya, rubuta abin da yake gani a jikin yaranmu na arewa ne ya jawo masa. Yana cikin editocin wani babban littafin tiyatar yara da aka tsara don Afirka, yana kuma cikin kwamitin mujallar Lancet da ya bayyana a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun tiyata mai aminci da aljihunsu zai ɗauka. Ba don irinsu sun rubuta ba, da ni ma yau ba ni da abin faɗa sai "an ce".

Shirun nan wa yake cuta? Wanda ba shi da baki. Mai kaciyar maƙwabci ne, ko suruki, ko wanda ya yi wa uban yaron tasa kaciyar, saboda haka a yi kara. Uba yana jin kunyar a ji ɗansa ya sami naƙasa a wurin da ba a ambata. Uwa ta ga abin tun a makon farko, ta faɗa, aka ce ta cika ƙorafi. Yaro ya girma yana laɓewa in zai yi fitsari, ba ya shiga kududdufi da sa'anninsa. Ya kai aure, a yi biki a kashe kuɗi, wata uku a ji ana kai ƙara wajen waliyyi. Daga nan a ce sammu ne, a shiga bin masu magani a kasuwa, a sayar da akuya a sayar da tunkiya. Alhali abin da likita zai iya ɗinkewa ne tun yaron bai shiga makarantar allo ba. Kawaici hali ne mai kyau, amma da haƙƙinka ake yin sa. Ba ka da ikon yafe abin da ba naka ba. Kuma hannun da ya yi kuskuren, tunda ba wanda ya ce masa uffan, shi ma bai san inda ya kauce ba, baɗi zai maimaita a kan ɗan wani. Wallahi akwai alhaki a nan, kuma ba a kan mai askar kaɗai yake ba.

Talauci da nisan asibiti da ƙarancin ma'aikata duk suna da nasu kason, ban musa ba. Amma ga abin da ke hannunmu.

Kafin a kira kowa, a dubi yaron da kyau da rana tsaka. Ina ƙofar fitsarinsa take? In ba a tsinin gaba take ba, tana ƙasa, ko a tsakiya, ko can kusa da maraina, in kuma fatar ta taru a sama ba ta zagayo ƙasa ba, ko gaban ya lanƙwashe, to kada aska ta kusance shi. Irin wannan yaro ne ake cewa da kaciyarsa aka haife shi, har a yi murna, wasu kuma su kira wanzami ya "ƙarasa". Halitta ce da hanyar fitsari ba ta gama haɗuwa ba tun a ciki, kuma ba baƙuwa ba ce: ana samun ta a kusan yaro ɗaya cikin 200 zuwa 300. Fatar da kake son a ƙarasa cirewa, da ita likita kan yi amfani wajen gyara, kuma an fi son a yi gyaran tsakanin wata 6 da wata 18, ko da yake ana yi bayan haka. Haka nan jaririn da aka kasa tantance namiji ne ko mace, da wanda gabansa ya nutse cikin tsoka, asibiti za a kai su. Tunda an buɗe, a taɓa maraina: in har ya wuce wata shida ɗaya ko duka biyun ba su sauko ba, wannan ma na likita ne.

Sai tambayar da ba a yi, wadda kuma uwa ce kaɗai ke da amsarta. A cikin 'yan'uwanki maza, ko 'ya'yan 'yan'uwanki mata, ko yayyen yaron nan, akwai wanda ya taɓa zubar da jini ya ƙi tsayawa, a kaciya ko cire beli ko faɗuwar haƙori? Akwai mai kumburin gwiwa ba dalili? Akwai wanda ya rasu a shayi? Ciwon rashin daskarewar jini gado ne da ke bin ta wajen uwa ya bayyana a 'ya'ya maza, kuma nau'insa da ya fi yawa yana samun kamar namiji ɗaya cikin 5,000. Ba laifin uwar ba ne, kada a mayar da abin gori. In amsar i ce, a yi gwajin jini tukuna, kaciyar kuma sai a babban asibiti da aka shirya mata. Masu son yi wa jariri tun yana ɗanye su sani cewa jarirai kan zo duniya da ƙarancin sinadarin bitamin K mai taimaka wa jini daskarewa, shi ya sa ake yi musu allurarsa ranar haihuwa. Wanda aka haifa a gida galibi bai samu ba. Bakwaini, da mai shawara, da mai zazzaɓi ko gudawa, da mai tamowa, a jira su murmure. Mai sikila a shawarci likitansa. A kuma duba katin rigakafi: allurar nan ta mako 6 da 10 da 14 tana kare yaro daga tetanus da ciwon hanta. Sunna ba ta guduwa don an ɗaga ta wata biyu.

Wanda zai yi aikin kuwa, tambaye shi kai tsaye, ko da ya girme ka, cikin ladabi: "Baba, in jini ya ƙi tsayawa, me za mu yi, ina za mu nufa?" Ko: "Malam, a ina aka koya maka, wa ya tsaya a kanka?" An ce wanzami ba ya son jarfa, wani zai ɓata rai. Bar shi ya ɓata. Wanda ya ce maka shi tunda yake bai taɓa samun matsala ba, shi ya fi ba ni tsoro, don ko dai bai yi da yawa ba, ko ba ya komawa dubiya. A yi da safe, a wuri mai haske, don in wani abu ya taso a sami yinin tafiya. Kada a sa ranar Alhamis da motoci suka tafi cin kasuwar Maigatari. A ajiye kuɗin mota da lambar direba tun jiya.

Kowane yaro da ƙarfensa. Wannan ba abin sasantawa ba ne. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Nijeriya na ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba. Ga ƙanjamau a gefe. Goge aska da tsumma ko ɗiga mata sifirit ba ya wadatarwa. Ko dai sabuwar reza da aka ɓare a gabanka, ko ƙarfen da aka wanke tas aka tafasa minti 20. A wanke hannu da sabulu, a sauya safar hannu tsakanin yaro da yaro. Masu ɗaukar nauyin kaciyar kyauta, 'yan siyasa da ƙungiyoyi, Allah Ya saka da alheri, amma hannun da ya yi wa yaro na biyar da hantsi ba shi ne zai yi wa na tamanin da la'asar ba. A rage yawa, a ƙara kwanaki, a bar ɗaukar hoto.

Batun a bar yaro ya sha zafi don ya zama jarumi, ban san wanda ya ƙago shi ba. Yaron da ke fizge-fizge shi aska ke zarcewa a kansa. Allurar kashe zafi tana da amfani a hannun wanda ya san gwargwadonta, don da nauyin yaro ake auna ta, in ta yi yawa tana sa jijjiga har ta taɓa zuciya. Kada a ba shi tiramadol ko maganin barci. Kada a ba shi asfirin, yana tsinka jini. Farasitamol daidai nauyinsa ya isa.

Bayan an gama, ido a kan jini. Jariri mai kilo uku, duk jinin jikinsa bai wuce rabin ledar fiya wata ba, saboda haka cokali biyu ko uku na cin abinci a wurinsa babbar asara ce. Ɗan ɗigo a bandeji ba komai. In yana tsiyaya, a sa tsumma mai tsabta a danne minti 10 cur ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba. In bai tsaya ba, a kama hanya ana danne da shi. Yaron da ya yi fari, jikinsa ya yi sanyi, yana numfashi sama-sama ko barci ya dame shi, ba hutawa yake ba. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin dabba, ko baƙin mai, ko makilin, ko garin kafso. Bagaruwa da iyayenmu suka saba da ita tana tsuke fata, amma ba ta ɗaure jijiyar da ta ɓalle, kuma wa ya san turmin da aka daka ta? Ƙwayar tetanus a cikin ƙasa take zaune, musamman inda ake ɗaure dabbobi, don haka zaunar da ɗan shayi a turɓaya kasada ce. In bayan kwana uku zuwa mako uku haƙoransa suka sarƙe, wuya ya sandare, yana zabura da an yi motsi, ba iska ba ce. A yi masa addu'a a cikin mota.

Ya kamata ya yi fitsari cikin awa 8. In bai yi ba, ko kan gaban ya fara baƙi, ɗaurin ne wataƙila ya matse, a sassauta a tafi. Ɗan ruwan ɗorawa da ke kwanciya a kan rauni alamar warkewa ce, amma ruwa mai wari da kumburi mai yaɗuwa da zazzaɓi, ruɓewa ce. Wanda aka sa wa zoben roba, zoben da kansa yake faɗuwa cikin mako guda zuwa kwana 10. Kada a ja shi. In ya wuce haka, ko ya zame ya koma baya ya shaƙe gaban, a kai shi a ranar.

In kuwa babbar ta auku, aka yanke kan gaba ko wani yanki nasa, to ba lokacin zagi ko kuka ba ne, ba kuma lokacin binne naman ba ne. A danne raunin. A naɗe abin da ya fita a tsumma mai tsabta mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A garzaya Babban Asibitin Gumel ko mafi kusa, a tsayar da jini, a karɓi takardar turawa, a wuce Kano. Likitoci sun sha mayar da irin wannan ya kama, amma sa'o'i kaɗan ne ake da su, daga Gumel zuwa Kano kuma wajen kilomita 120 ne. Mai kaciyar da ya ɓoye naman don kada a gani ya fi wanda hannunsa ya kauce laifi nesa ba kusa ba. Waɗanda nasu ya daɗe kuma kada su yanke ƙauna. Fitsari ta wuri biyu, ko siririn fitsari da ake yi da yunƙuri, ko fatar da ta manne, duk ana gyarawa. Hujin da ke yoyo akan jira kamar wata shida wurin ya huce kafin a ɗinke. Babban mutum ma mai gemu ana yi masa.

Saura masu sana'ar. Masarautar Gumel tana da tsari daga Sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, kuma mun ga irin rawar da sarakunan gargajiya suka taka a yaƙi da shan inna. Wanzamai suna da Sarkin Askarsu, kowane ƙaramin asibiti yana da shugabansa. Abin da nake roƙo littafi ne na makaranta mai layi-layi, ɗaya a zabirar kowane wanzami, ɗaya a kan teburin kowane malamin asibiti: sunan yaro da shekarunsa, ranar da aka yi, da me aka yi, yadda aka same shi a kwana na uku da na bakwai. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Kafin a shiga sharar gona a zauna wuri ɗaya, da wanzaman da ma'aikatan lafiya da likita daga Gumel, a buɗe littattafan. Wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa kada a tozarta shi, a haɗa shi da wanda ya fi shi ya sake koyo. Wanda aka kama ya ɓoye, in wanzami ne Sarkin Aska ya karɓe zabirar, in ma'aikaci ne a kai sunansa sashen lafiya na ƙaramar hukuma.